Abin wuya, ɗamarar ƙirji ko ragama: kurakuran da masu karnuka suka fi yi

A Kaduna yawancin masu kare don gadi suke ajiye shi. Ka bi layukan Barnawa ko Malali ko Unguwar Rimi da daddare, haushi ne zai riƙa tarbar ka daga bayan get. A gefen gari kuma ga mafarauta da makiyaya da nasu karnukan. Mutum zai zuba kuɗi ya sayi ɗan kwikwiyo, ya yi masa allura, ya dage da abinci, amma abin da dabbar za ta kwana ta tashi da shi a jikinta sai ya ɗauki duk wanda hannu ya kai.

Kayan iri uku ne: abin wuya, da ɗamarar ƙirji wadda ake zura wa kare ta kafaɗu, da ragama mai zagaye hancinsa da bayan kunnuwansa. Kowanne da aikinsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da shi kaɗai zai koya wa kare tafiya ba tare da ja ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne neman abin da ya fi zafi saboda kare yana ja. Mai kare zai je wurin mai sayar da kaya ya kai kuka, a miƙo masa sarƙar zarge ko mai haƙoran ƙarfe ta ciki, a ce: “Maigida, wannan ka fizga sau ɗaya kawai, zai natsu.” Zai natsu ɗin, na ɗan lokaci. Amma a wuyan nan akwai maƙogwaro, da jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da ƙashin wuya. Karen da ake shaƙewa kullum za ka ji yana tari busasshe yana kakari, ka zaci ƙashi ne ya maƙale masa. Wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Wisconsin ta Amurka suka wallafa a 2006 ya nuna jan kare ta wuya yana ƙara matsin da ke cikin idonsa, alhali ɗamarar ƙirji ba ta yi hakan ba.

Illar da ta fi damuna ma ta hali ce. Kare ya hango yaro ya yunƙura, sarƙa ta shaƙe shi. Gobe haka, jibi haka. Abin da zai riƙe shi ne duk sanda yaro ya bayyana zafi na biyo baya, kuma ka ga an haifar da karen da ya tsani yara a unguwar da 'yan makaranta ke wucewa safe da yamma. Abin wuya mai jan lantarki shi ma haka yake, har yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Gyaran yana hannunka. Ka fara a tsakar gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali. Da igiya ta miƙe, ka tsaya cak. Kada ka ja, kada ka yi tsawa. Da ya waiwayo igiyar ta saki, ka yaba masa, ka ba shi ɗan yankan nama, ku ci gaba. Minti 5 zuwa 10 kullum ya wadatar, muddin ba a fashi, kuma muddin maigadi da yaran gida su ma haka suke yi in su suka fita da shi. Naman ya zama dafaffe marar haɗi. Tsire da kilishi ka bar wa kanka, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, yaji kuma yana ɓata masa ciki.

Sai batun awo. Ƙa'idar mai sauƙi ce: yatsu 2 su shiga tsakanin abin wuya da fata. Sauƙin nata ne yake sa a manta da ita, musamman a kan kwikwiyo. An ɗaura masa yana ɗan wata 2, ya yi ta girma, gashi ya rufe wurin, babu wanda ya sake dubawa. Wari ne yake fara tona asiri. A ɗaga gashin a tarar igiya ta nutse cikin nama, wurin ya yi jajir yana ruwa, ƙudaje sun riga sun ajiye tsutsa. Igiyar leda da waya da guntun kebur su suka fi yin wannan aika-aika, don sirara ne, yanka suke yi. Ka nemi mai faɗi na fata ko na zare mai laushi. Kwikwiyo a duba shi duk mako. Babban kare ma a riƙa kwance masa ana leƙa ƙasan, nan kaska ke ɓuya, kuma da damina abin wuya jiƙaƙƙe yana cinye fata.

Sakwa-sakwa ma matsala ce. Karnukanmu na gida da na farauta kansu siriri ne, bai fi wuyan kauri sosai ba, da sun ja da baya sai su zare kai su arce. Irinsu akwai abin wuya mai madauki biyu wanda yake ɗan tsukewa ya tsaya a iyakarsa ba tare da shaƙewa ba. Karen da ya kuɓuce ya shiga gari yana iya haɗuwa da mai ciwon hauka, saboda haka a maƙala lambar wayarka a jikin abin wuyan, a kuma tabbatar an yi masa rigakafin haukan kare tun yana wata 3, ana maimaitawa yadda likita ya tsara. Ainihin aikin abin wuya ke nan: ɗaukar shaida, da tafiya da karen da ya riga ya iya bin mai shi.

Masu komawa ga ɗamarar ƙirji sun yi wa wuyan karensu gata, sai dai da yawa suna mamakin ganin jan ya ƙaru. Ka duba inda zoben yake. In a gadon baya yake, ka ba kare damar ja da ƙirji da kafaɗu gaba ɗaya, kuma da irin wannan ɗamarar ce karnuka ke jan kaya a kan ƙanƙara a Alaska. Mai ja ka nema masa wadda zobenta ke gaban ƙirji. Da ya yunƙura sai jikinsa ya juyo wajenka. Ka zaɓi wadda ta rabu biyu a kan ƙashin ƙirji ta bi gefen wuya, ta bar kafaɗa tana motsi, ka guji mai maɗauri a gicciye da ke tare gaban kafaɗu. Kafin ka tafi kasuwa ka ari tef ɗin tela ka auna ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba. In ta matse hammata, cikin 'yan kwanaki gashin wurin zai zube. Ƙananan karnukan cikin ɗaki da masu gajeren hanci, waɗanda numfashi ke ba su wahala tun asali, ɗamara ce tasu, kada a ja su ta wuya ko kaɗan.

Akwai kuma masu sayen ɗamara mai kauri irin ta karnukan jami'an tsaro don kwalliya. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna wannan azaba ce. In an dawo gida a cire.

Ragama ita ce mutane suka fi jahilta. Wani masanin halayyar dabbobi ɗan Ingila, Roger Mugford, ya fito da samfurin da ake kira Halti. Dabarar irin ta doki ce: inda kai ya juya nan jiki zai bi. Tana da amfani ga mai ƙaton kare irin Boerboel ko Rottweiler wanda ƙarfin karen ya fi nasa. Kuskuren shi ne a sayo yau a ɗaura a fita titi. Karen zai yi ta birgima yana karce hancinsa da farce, a ce kayan ba su da kyau. Tana son kwanaki ana saba masa: ya zura hanci ya karɓi nama, a cire, gobe a bar ta minti ɗaya yana cin abinci, a hankali har ya manta da ita. Ba a fizgar ragama, ba a haɗa ta da doguwar igiya, domin in ya sheƙa da gudu igiya ta ƙare, wuyansa ne zai murɗe. A kuma haɗa ta da abin wuya ta ɗan maɗauri ko da za ta zame.

Ragama ba takunkumi ba ce. Kare yana buɗe baki da ita, ya sha ruwa, ya yi cizo in ya so. Mai cizo takunkumi mai kama da kwando yake buƙata, wanda zai bar shi ya yi haki. Da haki kare ke rage zafin jiki, shi ya sa takunkumin ƙyalle mai ɗaure baki ruf ba na tafiya ba ne, na ɗan lokacin allura ne a gaban likita.

Kuskuren da yake kisa nan take shi ne ɗaure kare a turke da sarƙar zarge ko ragama a tafi a bar shi. Ya zagaya turken ya nannaɗe, ko ya tsallake gajeriyar katanga ya rataye, babu kowa kusa. In ɗauri ya zama dole, a yi shi da abin wuya mai faɗi da sarƙa mai majuyi, nesa da duk abin da zai iya haurawa, a inuwar da ba ta gushewa da azahar, da ruwa a gefensa. Keji mai faɗi ya fi. A fita da shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ka fara ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jurewa tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

In tari ya ƙi tafiya bayan ka canja kayan, ko ka ga rauni a wuya, ko yana ƙin a taɓa masa kai, ka kai shi asibitin dabbobi, kada ka shafa baƙin mai ko toka. Abin da ya fi ƙarfin na kusa da kai, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.