Yadda ake lissafin sauyin jarin juyi tsakanin kewaye da juyin-kai

Ɗaliban fiziks a jami'o'in Marwa, Ngaundere da Njamena suna karanta wannan darasi da Faransanci, inda ake kiran abin "moman sinetik". A nan za a kira shi jarin juyi, domin halinsa na jari ne: ana ɗauke shi daga wannan aljihu a sa a wancan, amma jimillarsa ba ta motsi sai wani ƙarfi daga waje ya murɗa. Iri biyu ne. Akwai na kewaye, L, irin na akuya mai zagaya turke, kuma ana samunsa ta ninka nauyi da gudu da tsawon igiyar, wato mvr. Akwai na juyin-kai, S, irin na mazari a hannun mai kaɗi, wanda ake rubutawa Iω, inda ω ke nufin saurin juyin, I kuma ma'aunin yadda nauyin abin ya bazu daga layin juyin.

Kafin ka taɓa alƙalami, ka cire wani tunani daga ranka. Da yawa suna neman farashin canji tsakanin L da S, kamar yadda ɗan canji a kasuwar Garwa yake da farashin sefa da naira, alhali ma'auninsu ɗaya ne, kuma abin da ɗaya ya rasa shi ne daidai abin da ɗayan ya samu. Saboda haka ka zaɓi layin da ake juyawa a kansa, ka ba juyi ta wani ɓangare alamar tarawa, ta ɗayan alamar ɗebewa, ka rubuta J = L + S kafin sauyin da bayansa. Daga nan sai ka nemi dillalin, wato abin da ya haɗa juyin biyu, domin in babu shi kowanne yana zaune da nasa.

Misalin Duniya da Wata ya fi sauƙi. Juyin-kai na Duniya ya kai kusan 5.9 × 10³³ a ma'aunin kilogiram, mita da daƙiƙa, na kewayen Wata kuma kusan 2.9 × 10³⁴, wajen ninki biyar ke nan. Dillalinsu shi ne cikowa da janyewar teku, abin da mutumin da ya tashi a bakin Binuwai ko Shari ba zai gani ba sai ya gangara Duwala ko Kribi. Gogayyar ruwan tana rage wa Duniya gudu, abin da ta rasa yana komawa ga Wata, shi ya sa yake nisanta da kusan santimita 3.8 a shekara, kamar yadda ake aunawa da madubin da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka ajiye a can a 1969.

A ganina lissafin haske ne ya fi koyar da hannu, don a nan jarin ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya ħ, wato kusan 1.055 × 10⁻³⁴. Ƙwayar haske, foton, idan filin lantarkinta yana murɗawa yayin da take tafiya, tana ɗauke da S na +ħ ko −ħ gwargwadon ɓangaren murɗin. A 1936 Richard Beth ya rataye farantin kwaz, wani dutse mai kama da gilashi, da siririn zare a Princeton, ya ratsa shi da irin wannan haske, ya ga farantin ya murɗe. Lissafinsa gajere ne: foton da ya shiga da +1 ya fita da −1 ya yi asarar 2, kuma farantin ne ya karɓe su. A 1992 Les Allen da abokan aikinsa a Leiden suka nuna cewa haske wanda goshin igiyarsa yake a nannaɗe kamar jikin sukuru yana ɗauke da L na lħ, inda l cikakkiyar lamba ce ko nawa. A 2006 kuma Lorenzo Marrucci da abokansa a Italiya suka ƙera faranti na ruwan lu'ulu'u, irin wanda ke cikin allon waya, suka jera ƙwayoyinsa a kewaye, aka sa masa suna farantin q, inda q ke nufin yawan juyin da fuskar ƙwayoyin ke yi idan ka zagaya farantin sau ɗaya. Ƙa'idarsa ita ce S yana kifewa, l kuma yana sauyawa da 2q. Ka ɗauki q = 1: an shiga da S = +1, l = 0, jimilla 1; an fita da S = −1, l = +2, jimilla 1. Farantin bai ci komai ba. Amma idan q rabi ne, l zai zama +1, jimillar fita sifili, ƙwaya ɗaya ta ɓace ke nan a takarda, kuma a jikin farantin za ka same ta a matsayin murɗi. Duk lokacin da lissafinka ya ƙi cika, wurin da za ka fara dubawa ke nan.

A cikin atam sai an yi hattara, domin kwatancen mazari ba ya kaiwa nan: girman juyin-kai na lantaron, wanda lambarsa rabi ce, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, fuskarsa kaɗai ke sauyawa. Dillalin shi ne maganaɗisun da kewayen lantaron ke haifarwa, wanda ke jan maganaɗisun juyin-kansa. Ka rubuta j = l + ½ ko l − ½, inda l ke nufin lambar kewayen lantaron, j kuma lambar jimillar. Ga lantaron sodiyom mai l = 1 za ka sami 3/2 da 1/2, kuma halin da jimillarsa a kan layin ta zama +½ gauraye ne na hali biyu, na kewaye +1 da juyin-kai −½, da na kewaye 0 da juyin-kai +½. Bambancin makamashin waɗannan j biyu ne ya raba rawayan hasken da sodiyom ɗin cikin gishiri ke bayarwa idan an barbaɗa shi a wuta zuwa layi biyu, ɗaya a nanomita 589.0, ɗaya a 589.6.