Yadda zaka koya wa kwamfuta "idan kaza, to kaza"

Toh jama'a, duk wanda ya fara koyon Python, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, yakan ɗan yi turus idan ya iso kan if da else, wato "idan" da "in ba haka ba", alhali wallahi kullum muna yin abin nan da ka. Ka tsaya a Kawo zaka shiga Kasuwar Barci, kace a ranka idan kuɗin aljihuna ya kai in tare keke, in bai kai ba in jira bas, ai ka gama aikin kenan, saura ka faɗa wa kwamfuta da yarenta.

Ita kwamfuta bata san "wataƙila" ko "sai yadda ta yiwu" ba. Amsarta biyu ce rak, True ko False, wato gaskiya ko ƙarya. Ana ce masu Boolean, daga sunan George Boole, wani masanin lissafi ɗan Ingila da ya shimfiɗa ilimin a littafinsa na 1854, tun kafin a ƙera kwamfuta irin ta yau. A Python dole T da F ɗin su zama manyan baƙaƙe, in ka rubuta true da ƙarami zata ce bata san shi ba.

Ba sai kana da laftof ba, sauke manhajar Pydroid 3 mai gudanar da Python a wayarka ta Android ka kwafi wannan, makin WAEC ne:

```
maki = int(input("Maki nawa ka ci? "))
if maki >= 75:
    print("A1, sai godiya")
elif maki >= 50:
    print("Ka samu kiredit")
else:
    print("Sai an sake zama")
```

Alamar >= na nufin "ya kai ko ya fi", elif kuma "in ba haka ba, idan". Kula da ɗigo biyun nan na ƙarshen layi, da tazarar da ke gaban print, sarari huɗu ake bari. Ba ado bane, da shi Python ke gane wane layi ne a ƙarƙashin wane sharaɗi.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Python daga sama take farawa tana gangarowa, sharaɗin farko da ya fito True shi zata bi ta watsar da sauran, ko kallonsu bata yi. Ƙanwata da nake koya mata a gida ta ɗauki layin 50 ta kai sama ta dawo da na 75 ƙasa, ta saka 90 sai taga an ce mata kiredit kawai, ta ɓata rai wai wayar ce ta lalace, nace mata Hajiya ƙarama ai 90 ta fi 50, kwamfuta ta samu gaskiyarta tun a layin farko me zai kaita na biyu? Don haka sharaɗin da ya fi tsauri shi ake sawa a sama.

Sai rikicin = da ==. Guda ɗaya zuba abu ne a cikin suna, guda biyu kuma tambaya ce, shin daidai suke? Kowa sai ya faɗa ramin nan, ni ma na faɗa ba sau ɗaya ba. Shi kuma int ɗin can na sama, mai mayar da rubutu lamba, kar ka cire shi, domin duk abin da mutum ya buga input rubutu take ɗaukarsa ba lamba ba, kuma a wajen rubutu "10" bata kai "9" ba tunda harafin farko ake fara dubawa.

Idan sharaɗi biyu ne sai ka haɗa da and ko or. Jami'a na neman kiredit a Turanci da Lissafi duka, to and kenan, ɗaya ya faɗi shikenan an tashi False. Shi or ko ɗaya ya tsaya ya wadatar, not kuma juya amsa yake. Amma ga wani tarko:

```
if unguwa == "Kawo" or "Mando":
```

A baki daidai ne, a Python kuwa kullum True zai baka ko ɗan Rigasa ne ya zo, saboda duk rubutun da ba fanko ba gaskiya take ɗaukarsa, kamar yadda take ɗaukar 0 a matsayin ƙarya. Sai ka maimaita tambayar, `unguwa == "Kawo" or unguwa == "Mando"`.

In ka gama kar ka gwada da 90 da 20 kaɗai kace ya yi. Saka 49, 50, 74 da 75, a bakin iyakar nan ne ake kama wanda ya rubuta > a inda ya kamata ya sa >=.