Yadda ake tsara wa yaro darussan sakandare tun da wuri don shiga manyan jami'o'in Amurka

Duk shekara da an shiga watan Oktoba sai 'yan uwa mazauna nan Amurka su fara kira na, kuma tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, yaron nan ya shiga aji 12, muna so ya nemi Harvard ko MIT, wace jarabawa zai zauna?" Ina jin haka sai gabana ya faɗi, don na san an makara da shekara huɗu ko biyar. Mu da muka taso a gida mun saba da JAMB da WAEC, inda yaro zai yi ta wasa a aji huɗu, ya ɗaura ɗamara a aji shida, ya ci maki mai yawa ya wuce. Manyan jami'o'in nan abin da suke fara buɗewa shi ne takardar sakamako ta tun daga aji 9, wato ajin farko na sakandare a nan (aji 12 ne na ƙarshe), su ga waɗanne darussa yaro ya zaɓa, masu wuya ne ko na neman sauƙi, da abin da ya samu a kowanne. A jami'a irin Harvard, wadda a 'yan shekarun nan take ɗaukar kimanin mutum 4 cikin 100 na masu nema, kusan duk wanda ya miƙa takarda yana da maki mai kyau a jarabawa. Ga yadda nake tsara wa iyaye abin.

Mataki na farko lissafin aji 8 ne, kuma a nan zan fi daɗewa, don nan na yi tuntuɓe.

Lissafi a makarantun nan tsani ne, hawa ɗaya a shekara: aljabara ta ɗaya, jometiri, aljabara ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas. Ka ƙirga da yatsa, hawa biyar ne, sakandare kuwa shekara huɗu ce. Ke nan yaron da bai yi aljabara ta ɗaya a aji 8 ba, ba zai kai kalkulas a aji 12 ba sai da dabara. MIT ta faɗa a fili cewa tana son ganin lissafi har zuwa kalkulas, kuma duk wanda zai nemi injiniyanci ko kimiyya a jami'o'i irinta haka za a duba shi. Wanda zai shiga ajin aljabara kuwa tun a aji 6 ko 7 ake tantance shi, ta hanyar jarabawa ko shawarar malami, a lokacin da iyaye ba su fara tunanin jami'a ba sam.

Babbar 'yata tana ƙarshen aji 7 muka tafi Kano hutu. Na sayi tikiti na mako biyu kafin a rufe makaranta saboda ya fi araha, na ce ai ƙarshen zango ba a koyar da komai. A cikin makonnin nan aka yi jarabawar tantancewa. Takardar sanarwa tana cikin jakarta, ban buɗe ba. Da muka dawo aka sa ta a ajin lissafi na kowa da kowa, ta riƙa kawo A a jere, ni kuma ina ta sa mata albarka. Sai tana aji 10, wata rana da dare muna cin abinci, ta ce, "Baba, ƙawayena duk suna aljabara ta biyu, ni kaɗai ce a jometiri." Na ce ai za ki same su. Ta ɗauko takarda ta jera mini shekarun ɗaya bayan ɗaya, ta ja layi a ƙarƙashin aji 12, ta ce, "A nan tsanina ya ƙare." Na daɗe ina kallon takardar nan. Mun gyara daga baya: ta yi share fagen kalkulas a wata ƙaramar kwaleji cikin dogon hutun bayan aji 11, karatun shekara guda a mako shida, da kuɗin da ya ninka abin da na rage a tikiti. Ta shiga kalkulas ɗin, amma watanni ukun farko da kuka ta yi su, don tushen bai zauna ba.

Saboda haka tun yaro yana aji 6 ka je makarantar da ƙafarka. Tambaya uku za ka yi: a wane aji ake raba yara a lissafi, da me ake raba su, kuma wace rana. Ka rubuta ranar, kada ka sa tafiya a kanta ko da bikin wa ake yi a gida. In an riga an sa shi a ƙasa kuma kana ganin zai iya, ka nemi a sake gwada shi, a rubuce, ta imel, don maganar baki ɓacewa take yi. Gundumomi sun bambanta a wannan. San Faransisko ta cire aljabara daga aji 8 a 2014, sai bayan shekara goma ta fara maido da ita, don haka kada ka ɗauka abin da ake yi a garin ɗan uwanka shi ake yi a naka.

In jirgin ya riga ya tashi, gyaran da ya fi lafiya shi ne haɗa jometiri da aljabara ta biyu a shekara ɗaya, a aji 10, tunda ɗaya bai dogara sosai da ɗaya ba. Na biyu, a yi jometiri a dogon hutu. Shi kaɗai na yarda a matse cikin hutu. Aljabara ta biyu da share fagen kalkulas ba a yi musu gaggawa, na ga abin da hakan ya haifar a cikin gidana. Kuma in yaro da gaske bai shirya ba, kada a tura shi don gasa da ɗan maƙwabci, saboda a wurare da yawa sakamakon aljabarar aji 8 yana bin sa har cikin takardar sakandare.

Akwai wani rami kusa da wannan. Ranar rijista ana ba da fom mai tambayar wane harshe ake yi a gida. Ka rubuta Hausa, gaskiya ce kuma abin alfahari. Amma ka sani hakan zai sa a gwada Turancin yaro, kuma na ga yaran da aka haifa a nan sun shekara biyu a ajin masu koyon Turanci don babu wanda ya bi sawu. Ka nemi sakamakon gwajin, ka tambayi ranar fita daga ajin.

Mataki na biyu, kafin ya shiga aji 9 ku zauna da takarda guda, ku raba ta gida huɗu, ku cike darussan shekara huɗun gaba ɗaya da fensir. Biyar ne ba sa fita a kowace shekara: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi ko zamantakewa, da harshen waje. Harvard kanta ta bayyana abin da take ganin ya fi dacewa: shekara huɗu ta Turanci, huɗu ta lissafi, huɗu ta kimiyya da suka haɗa bayoloji da kimistiri da fiziks, uku ta tarihi, huɗu ta harshen waje guda ɗaya. Makaranta za ta bar yaro ya kammala da ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma malamin ba da shawara, wanda sau da yawa ɗalibai ɗaruruwa ne a hannunsa, babban aikinsa ya ga kowa ya kammala. In ya ce "ya cika sharaɗi", sharaɗin fita yake nufi. Na shiga jami'a kai za ka bi.

Harshen waje shi yara suka fi saurin yarwa. Shekara biyu Sifaniyanci, shekara ɗaya Faransanci, ba ya zama uku a idon jami'a. A zaɓi ɗaya a zarce. 'Yan uwanmu na Nijar su ɗauki Faransanci su kai shi har AP, wato darasi mai nauyin jami'a, riba ce a hannu. Larabcin Islamiyya kuwa ba ya hawa takardar sakamako, sai dai in makarantar boko ce ke koyar da shi, amma yana da gurbinsa, zan zo kansa. Mazauna Kalifoniya su ƙara da duba jerin darussa 15 da jami'o'in jihar ke buƙata, wanda ake kira A-G, don akwai shekara ɗaya ta zane ko kiɗa ko wasan kwaikwayo a ciki, kuma ita iyayenmu suka fi mantawa.

Masu tura yaro gida ya yi shekara ɗaya ko biyu don tarbiyya, ban hana ba, ni ma ina ganin amfaninsa. Amma a yi shi a gama kafin aji 7. Yaron da aka cire a aji 10 aka dawo da shi a aji 11, takardarsa takan dawo da giɓi, a mayar da shi ƙananan azuzuwa. In dole ce ta sa, a dawo da cikakken sakamako mai hatimi da bayanin abin da aka koyar a kowane darasi.

Mataki na uku shi ne nauyin darussan. A aji 9 da 10 a nemi ajin da suke kira Honors a duk darasin da yaro ke da ƙarfi, don yawanci ta nan ake bi a shiga AP, wato darussa masu nauyin jami'a da ake jarabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. Ƙa'idata ita ce AP ɗaya a aji 10, uku a aji 11, uku ko huɗu a aji 12. Wanda ya kwashi shida a shekara ɗaya barci zai rasa, makinsa ya zube. Jami'a tana auna yaro ne da abin da makarantarsa ke bayarwa, don makarantar tana aika bayanin kanta tare da takardunsa. In AP uku kacal ake yi a can ya yi ukun, ya yi abin da ake so. In ashirin ake yi ya yi biyu, za a lura. Kowace jarabawar AP kusan dala 100 ce, amma akwai ragi ga masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ba a cika ba wanda bai tambaya ba. Mazauna Niyok kuma akwai College Now, inda ɗan sakandare ke ɗaukar darasin jami'ar birnin, wato CUNY, kyauta.

Malamin ba da shawaran nan shi zai rubuta wa jami'a irin nauyin darussan da yaro ya ɗauka in an kwatanta da sauran 'yan ajinsa. Yaro ya je ya gaishe shi tun a aji 9, ya faɗa masa inda ya dosa, ya riƙa leƙawa kowane zango.

Mataki na huɗu, ayyukan bayan aji. Fom ɗin Common App, wanda ake neman yawancin manyan jami'o'in nan da shi, yana da gurbi goma na ayyuka, kowanne da harafi 150 na bayani, sai iyaye su ɗauka dole a cike goman, yaro ya shiga ƙungiya bakwai a aji 11 bai tsinana komai a ko ɗaya ba. Abu biyu ko uku sun isa, in an fara a aji 9 aka zarce har ya zama shi ke jan ragama. Kuma yaranmu suna da abubuwan da suke ɓoyewa don suna ganin ba su ne ake nema ba. Yarinyar da ta haddace izu talatin tana koyar da ƙanana a Islamiyya kowace Asabar da Lahadi shekara huɗu, wannan aiki ne. Yaron da ke ɗauko ƙannensa daga makaranta kullum ya dafa musu abinci saboda uwa tana aikin dare, ko mai yi wa kakarsa tafinta a asibiti, ko mai tsaron shagon babansa, duk fom ɗin ya tanadi wurin rubuta su. A saya masa ƙaramin littafi tun aji 9 ya riƙa rubuta awa nawa a mako, mako nawa a shekara, don daidai haka fom ɗin ke tambaya, kuma a aji 12 babu mai tunawa.

Shirye-shiryen hutu da ake biyan dubban daloli don yaro ya kwana mako biyu a harabar babbar jami'a, ku riƙe kuɗinku, ba sa buɗe ƙofar jami'ar. Masu daraja su ne na kyauta masu wuyar shiga, irin MITES da RSI da ake yi a MIT, kuma a aji 11 ake neman su. In bai samu ba, aikin albashi a hutu ya wadatar.

Sai jarabawa, wadda kowa ke fara tambaya. PSAT, jarabawar share fagen SAT, a Oktoban aji 11, ita ce ƙofar tallafin karatu na National Merit. SAT ko ACT, jarabawar neman shiga jami'a, a ƙarshen aji 11, a maimaita a Agusta ko Oktoba in da buƙata, sau uku ya yi yawa. Kada a ruɗu da cewa an daina neman ta: MIT ta maido da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi a 2024, jami'o'in gwamnatin Kalifoniya kuwa ba sa duba ta. Khan Academy, shafin koyo na intanet, kyauta ce, a fara da ita kafin a biya mai koyarwa. Kafin a tashi hutun aji 11 yaro ya roƙi malamai biyu su rubuta masa wasiƙar shaida, ɗaya na lissafi ko kimiyya, ɗaya na Turanci ko tarihi.

Aji 12 cike-cike ne kawai in an yi na baya. Common App yana buɗewa 1 ga Agusta, muƙalar da yaro zai rubuta game da kansa ba ta wuce kalma 650, a rubuta ta a hutu. Neman gurbi da wuri yawanci 1 ga Nuwamba yake rufewa, na gama-gari farkon Janairu. Wanda suke kira Early Decision alkawari ne, in an ɗauke ka dole ka je, don haka a lissafa kuɗin a shafin jami'ar kafin a sa hannu. A cike FAFSA da CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin kuɗin karatu. Masu ƙaramin ƙarfi su nemi QuestBridge, shirin da ke haɗa irinsu da manyan jami'o'i da tallafin karatu, wanda ke rufewa wajen ƙarshen Satumba, kuma kada farashin da ke rubuce ya kori kowa, don daga 2025 Harvard ba ta karɓar komai daga yawancin iyalan da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara. A sa jami'ar jiha biyu a cikin jerin ko yaya yaro ya kai. Kuma kada ya ajiye kalkulas ko fiziks a tsakiyar shekara don ya riga ya miƙa takardu: makaranta tana aika sakamakon tsakiyar shekara da na ƙarshe, jami'a kuma tana da ikon janye gurbin da ta bayar.