Yadda na daidaita awon faɗin rami da na'urar awo mai hannu

Alhamdulillah, matsalar nan ta ƙare. Rami ne na milimita 20 a jikin farantin ƙarfe, duk sanda na auna da na'urar nan mai hannu da ake ɗauka a kai ta wajen aiki, sai ta ba ni lamba daban, yanzu 20.07 anjima 19.96, kuma rami ɗaya ne fa.

Da farko na zargi zafi, tunda a digiri 20 ake son a yi awo, na bar farantin ya huce, ba canji. Na duba manhaja, ita ma lafiyarta ƙalau.

Ga abin da ya yi aiki. Na fara ɗaure gindin na'urar tam a kan teburin da farantin yake, don in ya ɗan motsa komai ya lalace. Sai na sake saita kan firob ɗin, wato ɗan ƙwallon da ke bakin sanda a ƙarshen hannun wanda ke taɓa abin da ake aunawa, ƙwallon milimita 3 na sa, saboda na 6 da ke kai sandarsa tana gogar bakin ramin in an karkata. Daga nan na taɓa saman farantin wuri huɗu tukuna, don da'irar ramin da manhaja za ta lissafa ta kwanta a kan wannan shimfiɗar. Nan ne ainihin sirrin: ɗigo uku, wato wuraren da firob ya taɓa, sun isa zana da'ira, amma in sun taru a gefe guda ƙaramin kuskure sai ya kumbura, shi ya sa na ɗauki takwas zagaye da ramin gaba ɗaya, a zurfi ɗaya, hannu ba dannawa.

Na gwada a ringin gwaji, wato zoben ƙarfe da aka san ainihin faɗinsa, lamba ta tsaya, na dawo ramin ya ba ni 20.01 a jere. Godiya ga abokin aikin da ya ankarar da ni batun sandar.