Yadda Za Ka Zaɓi Injin Askin Lantarki Da Ya Dace Da Fuskarka Da Kanka

Yawancin masu neman injin aski na lantarki da tambaya ɗaya suke farawa, wato wanne ne ya fi share gashi tas. Tambayar tana da muhimmanci, amma bai kamata ta zo a farko ba, domin injin da ya fi kowanne kusantar fata shi ne kuma yake iya jawo wa wani mutum ƙuraje da raɗaɗi na kwana da kwanaki. Abin da ya kamata ka fara tantancewa shi ne irin gashinka, ko miƙaƙƙe ne ko mai nannaɗewa, da yadda fatarka take karɓar aski, da yawan kwanakin da kake bari tsakanin aski da aski, sannan ko fuska kaɗai za ka riƙa askewa ko har da kai. Idan ka amsa waɗannan da gaskiya, rabin injinan da ke kasuwa za su fita daga lissafinka tun kafin ka taɓa ko ɗaya.

Injin lantarki ba ya aiki kamar reza. A reza, kaifin ƙarfe ne yake bin fata kai tsaye yana datse gashi, amma a injin lantarki akwai siririn murfin ƙarfe mai ƙofofi tsakanin wuƙa da fata. Gashi yana leƙawa ta ƙofar, wuƙar da ke motsi a ƙarƙashi ta same shi ta datse, kamar dai yadda almakashi yake yanka da baki biyu. Daga nan ne kusan duk bambancin injina ya samo asali: sirantar murfin ita take ƙayyade iyakar kusancin askin, siffar ƙofofin kuma ita take ƙayyade irin gashin da zai iya shiga a yanke shi. Gashin da bai shiga ƙofa ba ba zai yanku ba, komai ƙarfin injin.

Iri na farko shi ne mai raga. A samansa akwai lanƙwasasshen ƙarfe siriri mai ƙananan huji masu yawa, a ƙarƙashinsa kuma jerin wuƙaƙe suna kai da komowa hagu da dama da sauri ƙwarai. Kamfanonin Braun da Panasonic da Remington sun yi suna a wannan iri, kuma wasu injinan Panasonic suna yin motsi har 14,000 a minti ɗaya. Saboda sirantar ragar, wannan iri ne yawanci ya fi kusantar fata, kuma da yake bakinsa a miƙe yake, yana fitar da layin saje da gefen gashin baki da kyau. Ana jan sa ne a miƙe, sama da ƙasa, ana tunkarar gashi ta akasin inda ya kwanta. Rauninsa shi ne ba ya son dogon gashi. Idan gemu ya kwana uku ko huɗu, ko kuma gashin ya kwanta ya manne da fata kamar yadda yake yi a wuya da ƙarƙashin haɓa, ragar sai ta riƙa wucewa ta kansa ba ta kama shi ba, mai aski kuma ya yi ta maimaita wuri ɗaya har fatar ta yi zafi. Don rage wannan matsala ne ake saka wa masu kyau daga cikinsu wani ɗan yanki mai haƙora a tsakanin ragogi biyu, wanda yake fara rage dogon gashi kafin raga ta ƙarasa. Idan za ka sayi mai raga, ka duba ka tabbatar yana da wannan yanki. Ƙarar mai raga ma ta fi ta iri na biyu.

Iri na biyu shi ne mai kawuna masu juyawa, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1939 bisa ƙirar injiniyansa Alexandre Horowitz, shekaru kaɗan bayan Jacob Schick ya fara sayar da nasa injin a Amurka. A farko kai ɗaya ne da shi, daga baya ya zama biyu, sannan uku, wanda shi ne aka fi sani a yau. Kowane kai zagayayyen murfi ne mai tsagogi, a cikinsa kuma ƙananan wuƙaƙe suna juyawa. Da yake tsagogin suna kallon kowace kusurwa, suna kama gashin da ya tsiro a karkace ko ya watsu ta fuskoki daban-daban, kuma kawunan suna lotsawa su bi ƙashin muƙamuƙi da haɓa. Ana tafiyar da shi ne a zagaye, da hannu sakakke. Wanda yake aski sau biyu ko uku a mako zai fi jin daɗinsa a kan mai raga, amma kada ya sa ran zai fitar masa da layi mai kaifi, domin zagayayyen baki ba ya yin wannan aiki.

A nan ne ya kamata mai gashi mai nannaɗewa ya tsaya ya yi tunani sosai, domin tallan kamfanoni ba kasafai yake magana da shi ba. Idan aka datse irin wannan gashi daidai da fata ko ƙasa da ita, bakinsa yakan yi tsini, kuma yayin da yake tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fata ya koma ciki, ko ma ya kasa fitowa daga raminsa. Jiki yana ɗaukarsa kamar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura ya yi ƙurji, wani lokaci har da mugunya. Ka duba wuyan mai fama da wannan bayan kwana biyu da aski, za ka ga ƙananan ƙuraje a jere ƙarƙashin haɓa, idan ka matsa kusa kuma za ka iya hango siririn gashi a lanƙwashe kamar zobe, kansa a binne cikin ƙurjin. Idan abin ya daɗe yana maimaituwa yakan bar baƙin tabo, wasu kuma fatarsu ta yi tudu mai tauri. Shawarar da likitocin fata suke bayarwa ita ce a daina neman santsi, a bar gashin da ɗan tsayi kamar milimita ɗaya, yadda bakinsa zai kasance a waje. Don haka duk injin da aka rubuta a kwalinsa cewa yana ɗaga gashi kafin ya yanke, kamar wasu daga cikin masu juyawa, mai irin wannan fata ya yi hattara da shi, saboda gashin da aka ja sama aka datse yakan koma ƙasa da saman fata idan aka sake shi.

Ga irin wannan mutum, a ganina, kilifa ce amsa, ko ƙaramin injin gyaran gefe mai faɗin baki. Kilifa ba ta da murfi mai huji, tana da jerin haƙora biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya yana gilmawa a kansa, kuma Leo Wahl ne ya samu lasisin ƙirar wadda take aiki da maganaɗisun lantarki a 1921. Ba ta kaiwa ga santsin reza, kuma wannan gazawar ita ce amfaninta a nan. Matajan roba da ake maƙala mata suna da lamba: lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, lamba 2 kimanin milimita 6, idan kuma aka cire mataji gaba ɗaya sai ta bar ɗan burbushin da ido yake gani amma bai isa a kira shi gemu ba. Gargaɗi ɗaya ne a kanta. Wasu suna matso haƙoran biyu har su daidaita domin aski ya ƙara kusanta, kuma idan mai motsin ya zarce na tsayen ko da kaɗan ne, zai tsaga fata, musamman a wuya da ƙeya.

Askin kai yana da nasa sharuɗɗa. Fatar kai tana da faɗi, a lanƙwashe take kan ƙashi, kuma rabinta ba ka ganinsa a madubi, hannu ne kawai yake lalubawa. Don haka aka ƙera wani nau'in mai juyawa na musamman, mai kawuna biyar ko fiye da haka, wanda ake riƙewa a tafin hannu ko tsakanin yatsu maimakon doguwar ƙota. Yana rufe wuri mai yawa a shafa ɗaya, yana kuma bin ƙwaryar kai ba tare da ka murɗe wuyan hannu ba. Mai sanƙo da ya yanke shawarar yin ƙwal-kwabo kowane kwana biyu ko uku zai amfana da shi ƙwarai. Sai dai yawan kawuna ba shi ne inganci ba, domin kawuna bakwai masu dakushi a kan inji mai rauni ba za su kai uku masu kaifi ba, kuma a fuska girmansa yana hana shi shiga ƙarƙashin hanci. Akwai kuma gajeren mai raga wanda masu aski suke bi da shi bayan kilifa domin kai ya yi sumul, wanda ya fi kusanta amma ya fi cin lokaci. Ko wanne ka ɗauka, ba a fara shi a kan sumar da ta taru. Gashin kai yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka idan ka bar shi ya wuce 'yan kwanaki, sai ka fara kwashe shi da kilifa, in ba haka ba injin zai riƙa fizga maimakon yanka. Ma'anar wannan ita ce mai aske kai kusan koyaushe yana buƙatar kilifa a gefe. Wanda kuma yake samun ƙuraje masu tauri a ƙeya ya bar wannan wurin da ɗan gashi, ya ga likitan fata tun kafin su haɗe su zama tabo.

Bayan ka tsayar da iri, sauran abubuwan dubawa ba su da wuya. Idan kana son aski da kumfa ko cikin wanka, ka nemi wanda aka rubuta masa IPX7, ma'ana yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba sa tashi idan suna jone da wuta, kuma da gangan aka yi su haka domin kariya, saboda haka ka san ba za ka iya jonawa ka ci gaba ba idan batir ya ƙare. Batirin litiyam yakan cika cikin awa ɗaya ya yi aikin minti 45 zuwa 60, wanda ya wadatar ga fuska, amma mai haɗa kai da fuska ya zaɓi mafi daɗewa. Matafiyi ya duba cajar ko tana karɓar bolt 100 zuwa 240.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kayan canji. Raga da wuƙaƙe suna cinyewa, kuma alamar farko ita ce injin da yake yanka da shafa ɗaya ya koma neman uku, ko ya fara cizon gashi. Braun yana ba da shawarar a canza raga da wuƙa duk wata 18, Panasonic kuma raga duk shekara, wuƙa duk shekara biyu. Mai kaurin gashi da mai aske kai za su buƙaci canji kafin wannan wa'adi. Kafin ka biya, ka nemi lambar kan injin ka tabbatar ana samun madadinsa, domin injin da ba a samun kansa ya gama aiki ranar da ragarsa ta huje, kuma hujajjiyar raga tana yanka fata.

Kada ka yanke wa sabon inji hukunci a askin farko. Fatar da ta saba da reza, ko da wani irin inji, tana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ta saba da sabo, kuma a wannan lokaci ya fi kyau ka tsaya a kansa shi kaɗai ba tare da komawa reza a tsakani ba. Idan a bushe za ka yi aski, ka yi shi kafin ka wanke fuska, domin busasshen gashi ya fi miƙewa ya shiga ƙofa. Ka fara da wuya tun ƙarfen bai ɗauki zafi ba, ka ɗan ja fata da ɗaya hannun, kuma kada ka danna, domin dannawa tana tura fata cikin huji ne wuƙa ta goge ta. Bayan kowane aski ka buɗe kan ka wanke ko ka kakkaɓe, amma kada ka sa buroshi a kan ragar kanta ko ka buga ta a jikin wani abu, saboda lotsawa kaɗan ta isa ta lalata ta. Ɗigon man inji a kan wuƙaƙe ko haƙoran kilifa lokaci-lokaci yana rage zafi da ƙara. Injin da yake taɓa fata kuma bai kamata a riƙa aron sa ba, domin makero da sauran cututtukan fata suna bin haƙoran da ba a tsaftace ba, kuma idan dole ta sa mutum biyu suka yi tarayya a kansa, a cire gashin tas a goge ƙarfen da sifirit a bar shi ya bushe kafin na biyu ya ɗora shi a jikinsa.