Yadda za ka tare ruwa a gonar gangare irin na mutanen kan dutse

Duk wanda ke da gona a wajen Doguwa ko Riruwai ko gefen duwatsun Rano ya san ciwon nan, ruwa ɗaya mai ƙarfi sai ka ga ƙasar da takin da ka sayo da tsada a Sabon Gari sun gangara sun bar maka tsakuwa. To mutanen da suka fi mu gangare sun daɗe da magance wannan fa. Ka duba mutanen Sukur a Madagali ta jihar Adamawa, tun kaka da kakanni suke noma a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Haka ƙabilar Kofyar ta jihar Filato ma suke noma hawa-hawa.

Ga yadda za ka kwaikwaya ta hanyar jera duwatsu layi-layi, kuma da rani ake yi, kar ka jira damina ta kama ka.

Ka aro tiyon nan mai haske da magina ke duba lebur da shi, ka cika shi da ruwa, kai da yaronka kowa ya riƙe baki ɗaya, duk inda ruwan ya tsaya daidai a ɓangare biyu sai a kafa turke, ku bi haka har ƙarshen gonar. Layin zai fito a karkace, ka bar shi haka, kar ka miƙar da shi don kyau, nan ne mutane ke ɓata aikin wallahi.

Sai a ɗan haƙa rami marar zurfi a kan layin, manyan duwatsu a ƙasa ta ɓangaren gangare, ƙanana a cusa ta sama. Ba siminti, ba laka, so ake ruwa ya tsaya ya tace ya wuce a hankali ya bar ƙasar a baya. Tsayin bai kamata ya wuce gwiwa ba. In gangaren ya yi tsanani ka matso da layukan kusa da juna, kuma daga sama ake farawa. Bayan layin ka dasa gamba, saiwarta na riƙe ƙasa, ga zana kuma. Kunya ma a gicciye ake yinta, ba a bin gangare.

Abin da ya fi burge ni da Kofyar shi ne taki. Da damina suna tsare awaki a garke, suna zuba masu ciyawa, abin da ya rage ya cakuɗu da kashinsu ya ruɓe, sai a kwashe zuwa gona. Mu nan Kano ma ai mun san kai takin gida gona da jaki ko kura, sai dai mu daina bari ruwa yana sace mana shi.

Ka haɗa dawa da wake da riɗi a kowane hawa. Aikin yana da nauyi gaskiya, ka kira gayya, kuma kowace bazara ka zagaya ka mayar da duk dutsen da ya zame kafin ruwan farko.