Yadda za ka gane gizo-gizon tanti, Cyrtophora citricola

Fara da yanarsa tukuna kafin ka nemi shi kansa. Ka je wajen bishiyar lemu ko shingen waya da safe, idan ka ga yana shimfiɗe a kwance, tsakiyarta ta ɗago sama kamar tanti, zaruruwa sun harɗe sama da ƙasa barkatai, to ka kusa. Saƙar tana da ƙananan ramuka kamar gidan sauro kuma ba ta da danƙo, taɓa gefe da tsinke ka gani.

Na biyu leƙa ta ƙasa, mace na rataye a tsakiya ciki sama, tsawonta wajen milimita 10. Ɗauki hoto da waya ka zuƙo, ka duba bayanta akwai ƙululu bibbiyu a jere sannan ƙarshen cikin ya rabu gida biyu kamar an tsaga shi, wannan ita ce babbar alama wallahi. Kar ka dogara da launi don yana rikiɗa, wata baƙa da ɗigon fari wata ruwan ƙasa. Namijin ɗan mitsitsi ne, milimita 3 haka.

Sai ka ɗaga kai, jakunkunan ƙwai na jere a tsaye saman tantin kamar carbi, kuma sau da yawa za ka tarar da yanoni da yawa haɗe, zaman gandu suke yi.

A ƙarshe tuna inda kake. A Afirka, kudancin Turai da Asiya ɗan gida ne, amma a Florida ta Amurka baƙo ne, a 2000 aka fara ganinsa can.